Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Ƙwallon Kwando Ta Najeriya: Ina Hanyar Da Ɗan Wasa Zai Bi Ya Zama Koci?

Zuwa ga Shugaba da mambobin Hukumar Ƙwallon Kwando ta Najeriya, NBBF, da masu riƙe da ƙungiyoyin da ke buga gasar ƙasa.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Magana guda ce ta sa na rubuto muku. Ɗan wasan da ya yi shekara goma ko fiye yana zubar da gumi a Kano Pillars, ko Gombe Bulls, ko Rivers Hoopers, ranar da gwiwarsa ta gaza ya ajiye riga, wace hanya kuka share masa da zai bi ya zama mai horarwa? Da yawa daga cikinsu muna ganinsu. Wani ya kama ɗan kasuwanci, wani yana zaman jiran ƙarshen wata a wani ofis da ba ruwansa da wasa, wani kuma yana tara yaran unguwa a filin makaranta da ƙwallo ɗaya da ya saya da kuɗin aljihunsa. Ilimin da ke kansu, wanda ƙasar nan ce ta biya kuɗin tara shi, yana tsiyayewa a banza. Ina so in kawo muku tarihin mutum ɗaya, Ba'amurke, wanda ya kamata duk ɗan Najeriya mai son wasan nan ya san sunansa, domin shi ne kocin da ya ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sau biyu a jere da ɗan Legas, Hakeem Olajuwon. Sunansa Rudy Tomjanovich.

An haife shi ranar 24 ga Nuwamba, 1948, a Hamtramck, wani ƙaramin gari na ma'aikatan masana'antar mota da birnin Detroit ya kewaye. Asalin danginsa daga Kuroshiya ne. Ya yi karatu da wasa a Jami'ar Michigan, kuma a zaɓen sabbin 'yan wasa na 1970 shi ne na biyu da aka kira, bayan Bob Lanier, gaban Pete Maravich da Dave Cowens. Ƙungiyar Rockets ce ta ɗauke shi, lokacin tana San Diego, da ta yi ƙaura zuwa Houston a 1971 ya bi ta. Shekara 11 ya yi yana wasa, bai taɓa sanya rigar wata ƙungiya ba. Yana cin maki 17.4 a kowane wasa idan aka raba, an zaɓe shi wasan taurari, wanda ake tara gwanayen gasar su buga kowace shekara, sau biyar, kuma an san shi da jifan nan da ke fara dukan allo kafin ya faɗa kwando.

Ranar 9 ga Disamba, 1977, Rockets na wasa da Lakers a gidan Lakers. Rigima ta ɓarke a tsakiyar fili tsakanin Kermit Washington na Lakers da Kevin Kunnert na Rockets. Rudy ya taho a guje don ya raba. Washington ya hango mutum yana tunkaro shi ta baya, ya juyo ya kai masa naushi ɗaya a fuska. Saurin gudun da ƙarfin hannun suka haɗu, ƙasusuwan fuskarsa suka karairaye, kansa ya bugu da ƙasa, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya riƙa zubowa. A asibiti, ba maganar komawa wasa likitoci suke yi ba, maganar ko zai kwana da rai suke yi. Hukumar NBA ta ci Washington tarar dala 10,000, ta dakatar da shi kwana 60. Shi kuwa Rudy kakar ta ƙare masa a nan, aka yi ta yi masa aikin gyaran fuska.

Ya dawo a kaka ta gaba, har aka sake zaɓarsa wasan taurari a 1979. Ina so ku tsaya a nan kaɗan, ranku ya daɗe. Mutumin nan ya iya dawowa ne saboda akwai asibitin da ya karɓe shi a daren, akwai wanda ya biya, akwai kwantiragin da bai tsinke ba don ya kwanta jinya. Ɗan wasanmu da ya tsinke jijiyar gwiwa a fili yau, wa ke ɗaukar nauyinsa? Sau da yawa 'yan'uwa da abokan wasa ne ke yin karo-karo. Wanda aka yi watsi da shi ranar da ya ji ciwo ba zai dawo ya koyar da yaran ƙungiyar da ta yar da shi ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

A 1981 Rockets ta kai wasan ƙarshe, karawar da wanda ya fara cin wasa huɗu ke ɗaukar kofi, tare da tauraronta Moses Malone, Boston Celtics ta doke ta da wasa huɗu da biyu. Rudy bai samu shiga sosai ba a lokacin, jiki ya fara ƙi. Ya yi ritaya yana da shekara 32. Ƙungiyar ta ajiye lambar rigarsa, 45, ba wanda zai ƙara sanya ta.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan wasiƙa. Tauraro ne a garin, yana iya neman a ba shi babbar kujera nan take, ko ya koma gida ya ci abin da ya tara. Sai ya karɓi aikin da yawancin taurari za su raina. Shekara biyu ya yi a matsayin mai leƙo wa ƙungiya wasanni: ya hau jirgi ya je wani gari, ya zauna a cikin 'yan kallo da takarda da biro, ya rubuta yadda wasu ke shirya harinsu, wane ne ba ya iya bi ta hagu, wane ne ke gajiya a zangon ƙarshe, ya dawo ya miƙa rahoto ga wanda zai ɗauki yabo idan an ci. A 1983 aka mai da shi mataimakin koci. Ya yi shekara biyar a ƙarƙashin Bill Fitch, wanda ya taɓa ɗaukar kofi da Celtics a 1981, sannan ya ci gaba a ƙarƙashin Don Chaney. Yana kan benci a 1986 lokacin da Rockets ta sake kai wa wasan ƙarshe da dogayenta biyu, Ralph Sampson da Hakeem, Celtics ta sake doke su. Ya ga yadda ake gina ƙungiya, ya ga yadda rauni da rashin ɗa'a suka rushe wannan ƙungiyar ta 1986 cikin ƙanƙanin lokaci. Ya zauna gaban bidiyo dare da rana yana tsinka wasanni, ya tsaya bayan atisaye yana miƙa wa matasa ƙwallo, ya koyi abin da wasa kaɗai ba ya koyarwa, wato yadda ake gaya wa mutum mai girman kai cewa yau benci zai zauna. Daga ritayarsa zuwa ranar da aka ba shi ragama, kusan shekara 11 ne, daidai da tsawon shekarun da ya yi yana wasa.

A Fabrairun 1992 aka sallami Chaney, ƙungiyar ta ci 26 an cinye ta 26. Aka ce Rudy ya riƙe na wucin gadi. Ya ci 16 aka cinye shi 14, ba su ma samu gurbin wasannin fitar da gwani ba. A cikin waɗannan makonnin ne kuma dangantaka ta ɓaci tsakanin Hakeem da mahukuntan ƙungiyar. Sun zarge shi da ƙaryar ciwon cinya don neman ƙarin kuɗi, suka dakatar da shi, shi kuma ya ce a sayar da shi. Da ace a nan ne, na san abin da za a yi: a kori sabon kocin tun da bai kai ko'ina ba, a rabu da ɗan wasan tun da ya ɗaga murya. Rockets ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tabbatar wa Rudy da aikin, kuma a cikin jirgin da ya kwashe su zuwa Japan don buɗe kakar 1992 zuwa 1993, Hakeem da mai ƙungiyar, Charlie Thomas, suka zauna suka fahimci juna.

Ragowar aikin na Rudy ne, kuma a nan shekarun nan 11 suka biya. Yana wurin tun ranar da Hakeem ya shigo ƙungiyar a 1984. Shekara takwas yana kallonsa kullum a atisaye. Ya san cewa wannan mutumin, wanda ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu a Legas, wanda gasar ƙwallon kwando ta farko da ya buga ita ce ta makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato, yana da saurin ƙafar da ba wani dogo da ke da ita a duniya. Ya kuma san ƙorafin da ake yi a kansa, cewa ba ya ba da ƙwallo, kuma ya san dalilin: bai yarda waɗanda ke kewaye da shi za su ci ba idan ya ba su. Sai ya tsara wasan ƙungiyar gaba ɗaya a kan wannan. A jefa wa Hakeem ƙwallo a ƙasan kwando. Idan mutum ɗaya aka bar masa, zai ci shi. Idan aka turo na biyu, to dole wani ya zama ba mai tsaronsa, kuma wannan wanin yana tsaye a bayan layin maki uku, a wurin da Hakeem ya san zai same shi ko bai duba ba. Kenny Smith, Vernon Maxwell, Robert Horry, Mario Elie, daga baya Sam Cassell, duk an ba su izinin jifa ba tare da tsoron harara daga benci ba. A yau kusan kowace ƙungiya haka take wasa, amma a lokacin manyan masana na ganin dogaro da jifan nesa kasada ce da ba ta kawo kofi. Makin Hakeem ya tashi daga 21.6 zuwa 26.1 a kaka ɗaya, ƙungiyar ta ci wasa 55.

Kakar 1993 zuwa 1994 sun buɗe ta da cin wasa 15 a jere, suka gama da 58. A zagaye na biyu Phoenix Suns ta zo har gida ta cinye su wasa biyu na farko, a na biyun ma 'yan Rockets suna gaba da maki 20 a zangon ƙarshe suka bari ya suɓuce. Wata jaridar garin ta buga babban kanu tana kiran Houston garin masu sarewa. Rudy bai fito ya zubar da 'yan wasansa a gaban 'yan jarida ba, bai rushe tsarin ba. Suka je Phoenix suka rama biyun, suka ci karawar a wasa na bakwai. A wasan ƙarshe suka haɗu da New York Knicks ta Pat Riley da Patrick Ewing, karawa mai tsauri da ba wanda ya kai maki 100 a cikin wasanni bakwai ɗin. A wasa na shida Knicks na gaba da uku da biyu, saura daƙiƙu, John Starks ya tashi jifan maki uku da zai ba su kofi, Hakeem ya miƙa hannu ya taɓa ƙwallon, aka tashi 86 da 84. Ranar 22 ga Yuni, 1994, Rockets ta ci wasa na bakwai da 90 da 84. A kakar nan Hakeem ya haɗa kyautar gwarzon gasa, da ta gwarzon tsaro, da ta gwarzon wasan ƙarshe, abin da ba wanda ya taɓa haɗawa a kaka ɗaya.

Kofi na biyu ya fi nuna aikin koci. Kakar ta yi musu tsami, rauni ya yi yawa. A Fabrairun 1995 suka bayar da Otis Thorpe, wanda shi ne ke taya Hakeem kokawar ƙasan kwando, suka karɓo Clyde Drexler daga Portland, tsohon abokin wasan Hakeem a Jami'ar Houston. Wasu daga cikin 'yan wasan ba su ji daɗin cinikin ba, kuma ba su ɓoye ba. A watan nan ne azumin Ramadan ya kama, Hakeem yana azuminsa yana wasa, kuma shi aka zaɓa gwarzon NBA na watan. Suka gama kaka da cin 47, a matsayi na shida a yankinsu, ma'ana a kowane zagaye abokan karawa ne ke da rinjayen gida. Vernon Maxwell, wanda zuwan Drexler ya rage masa lokacin wasa, ya bar ƙungiyar bayan wasan farko na fitar da gwani. Rudy ya matsar da Horry ƙasa ya cike gurbin Thorpe, ya ƙara buɗe fili. Utah mai cin 60 tana gaba da biyu da ɗaya, suka fitar da ita. Phoenix mai cin 59 tana gaba da uku da ɗaya, suka ci uku a jere, Mario Elie ya jefa maki ukun da ya kashe wasa na bakwai a gidan Phoenix. San Antonio mai cin 62, da David Robinson wanda aka miƙa wa kyautar gwarzon gasa a gaban idon Hakeem, ta faɗi da huɗu da biyu. Orlando Magic ta Shaquille O'Neal da Penny Hardaway ba ta ci ko wasa ɗaya ba. Har yau ba ƙungiyar da ta ɗauki kofin NBA daga matsayi ƙasa da wannan. A daren da aka miƙa musu kofin ne Rudy ya faɗi maganar da ake ta maimaitawa har yanzu, cewa kada wani ya kuskura ya raina zuciyar zakara.

Sauran tarihin zan taƙaita. A 1998, lokacin da rikicin albashi ya hana 'yan NBA zuwa gasar duniya a Girka, ya jagoranci tawagar Amurka ta 'yan wasan da ba a san su ba, suka zo na uku. A 2000 ya ɗauki zinare a gasar Olamfik ta Sydney. A 2003 likitoci suka gano ciwon daji a mafitsararsa, ya sauka daga kujerar bayan shekara 33 a gida ɗaya. Ya karɓi Lakers a 2004, ya ajiye bayan wasa 43 saboda aikin na neman cin lafiyarsa, abin da ya kamata ya tuna mana cewa kujerar nan tana da nauyin da ba a gani daga wurin 'yan kallo. An zaɓe shi cikin zauren girmama gwanayen ƙwallon kwando na Naismith a 2020, tare da Kobe Bryant da Tim Duncan da Kevin Garnett, kuma Hakeem na cikin waɗanda suka tsaya masa a ranar bikin.

Kada a fahimce ni cewa duk wanda ya iya wasa ya iya horarwa. A shekarar da Rudy ya ɗauki kofin farko, 1994, Lakers ta ɗora Magic Johnson a kujerar koci kai tsaye, mutumin da ya fi Rudy iya wasa nesa ba kusa ba. Ya ci 5, aka cinye shi 11, ya ce ya gode. Bambancin mutanen biyu shi ne ɗaya ya zauna an koya masa sana'ar, ɗayan suna kawai ya shigo da shi. Don haka ba roƙonku nake ku raba kujerun koci ga tsoffin taurari a matsayin sakayya ba. Wannan ma cutarwa ce, ga su da kuma yaran da za a damƙa musu.

Mu dubi gida. Kofin Afirka na maza guda ɗaya da tawagar ƙasarmu, D'Tigers, ta ɗauka, a Tunisiya a 2015, Ba'amurke Will Voigt ne koci. Nasarar da muka yi a kan Amurka da 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas a 2021, Mike Brown ne. Kofunan tawagarmu ta mata, D'Tigress, na 2017 da 2019 da 2021, Sam Vincent ne da Otis Hughley, su ma Amurkawa kamar Brown. Ba na ƙyashin ko ɗaya daga cikinsu, sun yi aiki, Allah ya saka musu. Tambayata ita ce, da suka tafi, wa suka bari? Wane ɗan gida ne aka zaunar kusa da su da niyyar ya gaje su?

Za ku ce ga Rena Wakama, kuma da gaskiyarku. Tsohuwar 'yar wasa ce, 'yar asalin Jihar Ribas, ita ce mace ta farko da ta riƙe D'Tigress. Ta ɗauki kofin Afirka a Kigali a 2023, ta doke Ostiraliya da Kanada a Olamfik ta Faris a 2024 har muka zama ƙasar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, aka ba ta kyautar kocin da ta fi kowa a gasar mata, ta sake ɗaukar kofi a Abidjan a 2025. Amma a ina ta koyi aikin? A Amurka aka haife ta, a jami'o'in Amurka ta fara da ƙananan ayyukan ofishin ƙungiya kafin ta zama mataimakiyar koci. Ime Udoka, wanda ya buga wa D'Tigers, wanda yanzu shi ke zaune a kujerar da Rudy ya bari a Houston, shekara bakwai ya yi yana mataimaki a ƙarƙashin Gregg Popovich a San Antonio. Dukkansu matakan Amurka suka taka, mu muka ci moriya. Yaron da aka haifa a Sabon Gari ko Tudun Wada, wanda ba shi da fasfo ɗin wata ƙasa, ba shi da waɗannan matakan.

Ba wai babu kan da zai ɗauka ba ne. Ogoh Odaudu tsohon ɗan wasa ne na gida, ya daɗe a Rivers Hoopers, a 2024 ya kai ta matsayi na uku a gasar BAL ta manyan ƙungiyoyin Afirka, aka zaɓe shi kocin shekara a gaban masu horarwa daga ƙasashen da suka fi mu zuba kuɗi. Abin da ya samu wanda saura ba su samu ba shi ne ƙungiyar da ta bar shi ya daɗe. A Zariya kuwa kowa ya san abin da mutum ɗaya, koci Oliver Johnson, ya yi a filin Jami'ar Ahmadu Bello tsawon shekaru. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa har da Masai Ujiri, wanda ya shugabanci Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA a 2019. Idan koci ɗaya mai haƙuri a gari ɗaya ya iya haka, ku ƙiyasta abin da muke asara a Kano da Kaduna da Jos da Bauchi da Maiduguri, inda dogayen yara suke birjik ba mai nuna musu inda za su ajiye ƙafa. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, mu kuwa tamu zubar da ita muke yi.

Dole in faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Ba a koyon horarwa a inda babu gasa. Rudy yana zama a benci wasa 82 a kowace kaka, shekara tara yana mataimaki, ku lissafa yawan darasin da ke cikin wannan. Mu kuwa rikicin shugabanci da ya raba hukumar nan gida biyu tun 2017 ya gurgunta gasar ƙasa tsawon shekaru, har ya kai ga gwamnati ta janye Najeriya daga wasannin duniya a 2022, D'Tigress ta rasa gurbin da ta samu da guminta a gasar duniya ta Sydney, aka ba Mali. An yi ta maganar abin da 'yan wasa suka rasa a shekarun nan, kuma gaskiya ne. Ba a cika maganar matasan masu horarwa da ya kamata a ce sun yi waɗannan shekarun suna koyo a benci ba. Wasunsu sun bar harkar, ba za su dawo ba.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin tafiya ɗaya ta tawagar jami'ai zuwa ƙasar waje ba. Ku sa a cikin sharuɗɗan shiga gasar ƙasa cewa kowace ƙungiya, ta maza da ta mata, sai ta ɗauki tsohon ɗan wasa aƙalla ɗaya a matsayin mataimakin koci, da takardar aiki da albashin da ake biya a kan kari, ba wanda za a riƙa ba na mota idan an tuna da shi ba. A ba shi aiki na gaske: shi zai je ya kalli abokan hamayya, ya rubuto rahoto, ya jagoranci wani ɓangare na atisaye, ya riƙe ƙungiyar matasa. Yau ba sai an hau jirgi ba, waya ɗaya ta isa a ɗauki wasa a zauna a tsinka shi. Ku haɗa kai da Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas da kwasa-kwasan FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, a kawo horon masu horarwa Kano ko Kaduna ko Zariya a kowace shekara, a buɗe ƙofa ga ɗan wasa ya fara karatun tun yana wasa, tun kafin ranar da za a ce masa an gode. Mutumin Gombe da ke da iyali ba zai iya barin gida ya tare a Legas da kuɗinsa ba, kun san haka. Kuma kada a manta da mata. Akwai iyaye da yawa a Arewa da za su bar 'yarsu ta je fili idan sun san mace ce ke horarwa, ba za su bari ba idan namiji ne.

Duk lokacin da kuka ɗauko koci daga waje, ku rubuta a kwantiraginsa cewa zai yi aiki da mataimaka biyu daga gasar gida, masu magana a taron tsara wasa, waɗanda za a san sunayensu, a kuma bibiyi inda suka kai bayan shekara uku. Ku kuma masu ƙungiyoyi, musamman gwamnatocin jihohi da yawancin ƙungiyoyinmu ke hannunsu, ku daina sauya koci duk lokacin da aka sauya kwamishina. Da Houston ta auna Rudy da wasanni 30 na farkonsa, da ta sallame shi a 1992, kuma da wataƙila Hakeem ya ƙare wasansa a wani gari.

Maganar lafiya ma tana cikin wannan. A sa inshorar rauni ta zama sharaɗin rajistar kowane ɗan wasa, ƙungiyar da ba ta kawo shaidar biya ba kada a bar ta ta shiga fili.

Mataki na farko ba ya buƙatar kasafi ko kaɗan. Kafin a buɗe kaka mai zuwa, ku umarci kowace ƙungiya ta aiko muku da sunayen 'yan wasanta da suka yi ritaya cikin shekara goma da suka wuce, da inda suke, da wanda ke son koyon horarwa a cikinsu. Ku wallafa adadin kowa ya gani, ku faɗa mana mutum nawa za ku fara da su da kuma ranar da za a fara.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku. Wassalam.

Naku,
Wani mai kishin ƙwallon kwando, daga Zariya.